Tambaya: an ce an samu kayan nukiliya a lodinmu na gwangwan, ya ake gane ko mene ne da inda ya fito?

Ɗan Muciya

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka ya fitar da ni daga duhu.

Ni ke riƙe wa kawuna littafi a filinsa na gwangwan a Sabon Gari. Yara su turo kura, in ɗora a sikeli, in rubuta, in biya. Idan kaya sun taru mu yi lodin tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe a Kudu. Makon jiya motarmu ta isa ƙofar wani kamfani, mai gadi ya zagaya ta da mita a hannu, yana zuwa saitin tayoyin baya mitar ta ɓarke da kuka. Aka hana motar shiga, aka kai ta can gefe aka kewaye da igiya. Washegari wasu jami'ai suka zo, suka sa aka sauke kayan sannu a hankali, suka zaƙulo wani dunƙulen ƙarfe. Direba ya ce tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, amma nauyinsa ya wuce misali. Sun tafi da shi, sun karɓi sunan kawu da lambarsa, wai za a neme shi idan sakamakon gwaji ya fito.

Tun ranar kawu ko tuwon kirki bai ci ba. Mutumin da bai taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, yau ga shi ana haɗa sunansa da nukiliya. A fili kuwa kowa da tasa: wannan ya ce yuraniyom ne, wancan ya ce kayan bam ne, wani ya ce dukiya ce ta suɓuce mana.

To gwajin me za su yi? Ƙarfe dai ba baki gare shi ba, ta yaya za su san abin da ke cikinsa? Kuma za su iya gane daga inda ya fito? Don mu wallahi ba mu sani ba. Yaran da ke kawo mana kaya daga Kwangila har Ɗan Magaji ba sa ƙirguwa, wasu kayan ma daga Kaduna ake sauke mana buhu-buhu.

Sarkin Bola

Ɗan'uwa, an yi muku sakiyar da ba ruwa. Duk ƙarfen da ka ji ƙarami ne amma ya fi ƙarfin hannu, to akwai abu a ciki. Irinsa ne ake samun red makuri, kuma sun san haka shi ya sa suka yi wuf da shi. Da hannuna ya faɗo, da tun a fili na kira mai walda ya tsaga min shi biyu na ga abin da Allah ya ajiye min.

Malama 'Yar Samaru

Wa alaikumus salam. Sarkin Bola, don girman Allah ka janye wannan magana kafin wani yaro ya karanta ya hau kai. Babu wani abu wai shi red makuri, ƙaryar 'yan damfara ce da suka daɗe suna cin kuɗin mutane da ita. Tsagawar da kake faɗa kuwa ita ta jawo bala'in Goyaniya a Barazil a 1987. Wasu mutum biyu suka kwance kan na'urar ƙona cutar daji daga wani asibiti da aka ƙaurace wa, suka huda kwanson da ke ciki, suka sayar wa mai gwangwan. Ya ga wani gari yana ƙyalli shuɗi cikin duhu, ya ɗauka abin daraja ne, ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai. Ashe sisiyom-137 ne. Mutum huɗu suka rasu, ciki har da matarsa da wata yarinya 'yar shekara 6. An samu burbushin a jikin mutum 249, sai da aka auna mutum wajen 112,000, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar wurin.

Malam Ɗan Muciya, ka kwantar wa kawu da hankali. Tambayoyinka biyu ne kuma ba nauyinsu ɗaya ba. "Mene ne" mai sauƙi ce, ba mamaki ma sun sami amsarta tun a bakin ƙofar. "Daga ina" ita ce mai cin lokaci.

Ka ce ƙarfe ba ya magana, to irin wannan yana yi. Yawancin waɗannan sinadarai suna fitar da wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa gamma, yana ratsa ƙarfe ya fito waje. Mitar mai gadi ba ta san komai ba sai "akwai" da "ga yawansa". Amma kowane sinadari yana sakin gammarsa da wani ƙayyadadden ƙarfi wanda ba ya sauyawa, ko a Zariya aka auna ko a Sin, kuma akwai na'urar da ke rarrabe ƙarfin. Ma'aunin shi ake kira keV. Idan ka ga 662, sisiyom-137 ne, irin wanda ake sa wa a na'urorin auna cikar tanki a masana'antu da na auna daskarewar ƙasa wajen aikin titi. Idan 1173 da 1332 suka fito tare, kobalt-60 ne, na asibiti ko na masana'anta. Kusan 60, amerisiyom-241. Jerin layuka a wajen 300 da wani a 468, iridiyom-192 na masu ɗaukar hoton walda.

Na yi aikin digirina na biyu da irin na'urar, don haka ina ganin ta a ido yanzu haka. Wani dunƙulen jamaniyom ne tsantsa, zaune a kan tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Ranar cika tulun, farin hayaƙi ke malalowa ƙasa ya rufe maka ƙafafu, in kuwa ka yi sakaci ya ɗiga maka a cikin takalmi za ka yi bayani. An kewaye ta da dalma mai kauri, saboda siminti da ƙasa, har jikin ɗan Adam, duk suna fitar da nasu ɗan kaɗan. Ka ajiye samfur, ka rufe, ka koma gaban kwamfuta. Da farko ɗigo-ɗigo ne barkatai a kan allo, sai ka ga wani wuri ya fara tsiri, yana tashi yana tashi har ya zama tsini siriri. Ka kai linzami kansa ka karanta lamba. Ko babu komai a ciki, in ka bar ta ta kwana tana ƙirga, da safe za ka tarar da ɗan tsini a 1461. Fotasiyom-40 ne na bangon ɗakin. Sabon ɗalibi kan yi murna ya ce ya gano wani abu, sai a yi masa dariya.

Abu mai ƙarfi irin wanda ake zato a lodinku ba za a cusa shi cikin wannan ba. Akwai ta ɗauka a hannu, a girke ta nesa da shi a auna, a kuma goga takarda a jikinsa a auna takardar, don a san ko kwanson ya fashe yana zuba. Wannan gogar ta fi komai muhimmanci gare ku.

In ma yuraniyom ne, ba kowane yuraniyom ne kayan bam ba. Wanda ake haƙowa a ƙasa, irin na Arlit a Nijar, kashi 0.72 cikin ɗari ne kawai nau'in 235, wato wanda ake nema don bam ko makamashi, sauran kusan duka nau'in 238. Makamashin tashoshin lantarki yawanci bai wuce kashi 5 ba. Daga kashi 20 zuwa sama ne duniya ke tayar da hankali. Ana kwatanta tsinin 186 na nau'in 235 da tsinin 1001 da ke zuwa ta ɓangaren 238, a san wane aji ne. Mu 'yan Zariya ma muna da misali a gida: ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike (na'urar da ake "ƙona" yuraniyom a cikinta) ta cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004, da yuraniyom mai kashi 90 ta taso. A 2018 aka sauya mata da mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin inda aka ƙera ta.

Kafin sakamako ya fito: duk wanda ya yi dakon abin nan ko ya zauna kusa da shi, in ya ga amai ko ƙuna a fata ba tare da wuta ta taɓa shi ba, ya je asibiti ya faɗa wa likita abin da ya ɗauka. Ƙunar ba lallai ta fito ranar ba.

Ɗan Muciya

Malama, Allah ya saka da alheri, na karanta wa kawu daga farko har ƙarshe. Babu wanda ya yi amai, alhamdulillahi.

Amma ga wata sabuwa. Kin san mu ba ma lodi sai mun tsince: jan ƙarfe gefe, tagulla gefe, alminiyom gefe, dalma gefe, don kowanne da farashinsa. Da nake ba yaran labari, ɗaya daga cikinsu ya ce ya tuna da abin. Wai akwai wani ɗan faranti da aka kafe a jikinsa da ƙusoshi huɗu, mai rubutu da lambobi da zanen fanka mai fiffike uku, shi ya ɓamɓare shi da sukundireba ya jefa a buhun alminiyom. Buhun yana nan a fili, ba mu sayar ba. Kawu ya ce a nemo farantin a jefa a masai kowa ya huta. Ni dai na ce a dakata in tambaya.

Malama 'Yar Samaru

Kai! Ka riƙe hannun kawu da kyau. Wannan farantin shi ne lauyanku.

Kada ku zazzage buhun. Ku ɗaure bakinsa, ku ajiye shi gefe inda yara ba sa zuwa, ku kira lambar jami'an nan ku ce ga abin da ke hannunku, su zo da mita su buɗe da kansu. In kwanson bai fashe ba, farantin ba shi da wata illa, amma ba ido ne zai gaya muku ba. Ku roƙe su su auna filin gaba ɗaya da yaron da ya ɓamɓare.

Abin da ke kan irin farantin nan yawanci shi ne sunan kamfanin da ya ƙera, lambar siriyal, sunan sinadarin, ƙarfinsa, da ranar da aka auna ƙarfin. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin shigo da waɗannan kaya, tana kuma riƙe rajistarsu. In babu shi a rajista, misali ya shigo tun kafin a kafa ta, kamfanin da ya ƙera yana da nasa littafin wanda ya sayar wa. Kuma ana iya tabbatar da cewa farantin na wannan ƙarfen ne ba na wani ba, domin kowane sinadari yana da lokacin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Sisiyom-137 shekara 30, kobalt-60 shekara 5 da 'yan watanni. Kobalt ɗin da aka rubuta ƙarfinsa shekara 21 da suka wuce, yau kashi ɗaya cikin 16 ya rage. A auna, a yi lissafi, in ya yi daidai da faranti magana ta ƙare. Nan take tambaya za ta tashi daga "ina Alhaji ya samo" ta koma "wa ke da lasisin wannan lamba, kuma ya aka yi ya bar ta ta shiga bola".

Idan babu faranti ne ake shiga dogon aiki, wanda masana fannin kan kasa zango uku: abin da za a faɗa cikin awa 24, abin da za a faɗa cikin mako guda, da wanda sai an yi wata biyu. Bari in ba ka labarin da ya fi burge ni. A watan Mayun 1999 jami'an kan iyaka a Ruse ta Bulgeriya suka kama wani da 'yan giram kaɗan na garin yuraniyom, a cikin ƙaramar kwalba, kwalbar a cikin gwangwanin dalma da aka shafe cikinsa da kaki irin na kyandir ruwan ɗorawa. Aka kai ɗakunan gwaji a Amurka. Yuraniyom ɗin ya haura kashi 70 na nau'in 235. An samu nau'in 236 da yawa a ciki, shi kuwa wannan a cikin tukunyar nukiliya yake samuwa, ma'ana kayan ya taɓa shiga tukunya aka sake tace shi. Sannan suka karanta shekarunsa. Yuraniyom-234 yana rikiɗa sannu a hankali ya zama toriyom-230. Ranar da aka tace yuraniyom ana wanke toriyom ɗin duka, daga nan ya fara taruwa sabo. Ka ƙirga nawa ya taru, ka san yaushe aka tace. Lissafi ya nuna ƙarshen 1993. Ba su tsaya nan ba: sinadarin da ya ba kakin launi ba irin wanda aka saba amfani da shi a ƙasashen Yamma ba ne, dalmar gwangwanin ba ta ma'adinan Amurka ba ce, har takardar da aka naɗe kwalbar sun duba irin itacen da aka yi ta da shi. Wani lokaci marufi ya fi abin da ke ciki surutu, shi ya sa nake cewa kada ku taɓa komai.

Amma kada in yi maka daɗin baki. Gwajin ya fi ƙwarewa wajen cewa "ba daga can ba ne" fiye da "daga nan ne". Dillalin hatsi a kasuwar Giwa kan damƙi masara ya ce ta Saminaka ce, ba don an rubuta a jikinta ba, don ya sha ganin ta Saminaka. Haka nan, in ba a taɓa auna kayan wata ma'adina ko wata masana'anta an ajiye bayaninsu ba, babu abin da za a kwatanta da shi. Saboda haka ne hukumar nukiliya ta duniya da ke Biyana ke ta jan hankalin ƙasashe kowa ta tattara bayanan kayan da ke hannunta. Ita kanta tun 1995 take riƙe kundin rahoton kayan da suka ɓace, aka sace, ko aka tsinta.

Kuma ba a kanku aka fara ba. A ƙarshen 2002 wasu kayan amerisiyom biyu na binciken rijiyar mai sun yi ɓatan dabo a yankin Neja Delta, daga baya aka gano su a Jamus cikin tarkacen ƙarfe.

Baba Mai Hoton Walda

'Yata, kin yi bayani, Allah ya ƙara basira. Bari tsoho ya sa baki, don ni da irin waɗannan ƙarafa na ci abinci, ina bin bututun mai ina ɗaukar hoton walda.

Yadda direba ya siffanta, ƙarami amma nauyi ya yi yawa, ga faranti da ƙusa huɗu, ni hankalina ya tafi kan akwatin aikinmu. Yaro, ka tambayi wanda ya ɓamɓare farantin ko abin yana da marikin ɗauka a sama, da rami a gaba da wani a baya. Iridiyom ɗin da ke ciki ɗan ƙanƙani ne, a bakin wata gajeriyar waya, muna tura shi waje da linzami mai tsawo muna can nesa, mu janyo shi in an gama. Duk kwana 74 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, shi ya sa kullum cikin odar sabo muke. Wanda ya shekara biyu a yashe, kashi ɗaya cikin dubu ya rage masa.

To me zai sa mita kuka? Garkuwar da ke cikin akwatin. Da yawansu ba da dalma ake yi ba, da yuraniyom ake yi, amma wanda aka riga aka tatse, dusar da ta rage bayan an cire nau'in 235. Ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, in dalma ta ba ka 11 shi zai ba ka 19 a girma ɗaya. Don haka masu cewa yuraniyom ne za su iya yin gaskiya, amma ba ya bam, ba ya kuɗi. Sarkin Bola, da ka sa masa wutar walda, kamawa zai yi ya ba ka hayaƙin da za ka shaƙa ya zauna maka a ƙirji da ƙoda.

Inda na ɗan saɓa da ke, 'yata: kada su zauna jiran ɗakin gwaji. Yaro, kai ne mai littafi. Koma baya ka duba wa ya kawo kaya masu nauyi a makonnin da kuka tara lodin nan, ka bi shi a hankali ba da faɗa ba, ya gaya maka inda ya samo. A sanina irin waɗannan daga gwanjon kayan kamfanin da ya tashi suke fitowa, ko sansanin 'yan kwangila da aka bari da maigadi ɗaya. Inda ɗaya ya fito, sau da yawa akwai ɗan'uwansa.

Malama 'Yar Samaru

Baba, ban ƙi ta taka ba ko kaɗan, a bi littafi a kuma miƙa wa jami'ai abin da aka samu. Sai dai kada kowa ya dogara da cewa akwatin tsoho ne ya huce. Sai an auna.

In kuwa hasashenka ya tabbata, allon zai nuna: tsinin 1001 zai miƙe, na 186 ya durƙushe ƙasa da yadda ake gani a yuraniyom na ƙasa, don nau'in 235 a irin wannan bai fi kashi 0.2 zuwa 0.3 ba.

Tunda an zo kan 186, akwai tarko a wurin da ya kamata masu gwangwan su sani, don yana iya jawo wa mutum sharri a banza. Radiyom-226 ma a 186 yake fitowa, kusan kan layi ɗaya da yuraniyom-235. Shi kuwa radiyom ba sai an ƙera shi ba: yana taruwa cikin tsatsa da dattin da ke manne a cikin tsofaffin bututun mai, ana kuma samunsa a fentin fuskar tsofaffin agoguna da mitocin jirgi masu haske da dare. Ƙaramar mitar hannu ta kan ruɗe ta rubuta "yuraniyom", kafin ka ce kwabo labari ya zaga kasuwa. Mai auna da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci da tsini ɗaya, sai ya nemi na kusa da shi. In yuraniyom-235 ne, za a ga ƙanana a 144 da 205. In radiyom ne, za a ga 352 da 609. Don haka, Malam Ɗan Muciya, ranar da aka kira kawu kada ku yarda da bayanin baki. Ku nemi a ba ku a rubuce: wane sinadari ne da lambarsa, nawa ne ƙarfinsa, kuma takardar da aka goga ta nuna yana zuba ko ba ya zuba.